Oga ya ce mu kwashe rumbun bayanan kamfani a hutun Sallah, ina neman shawara

Bashir: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da matsala kuma na san akwai manya a nan. Ni ke kula da rumbun bayanai a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, muna da rumbunan ajiya a jihohi da yawa da dillalai har Maradi. Shekara goma sha biyu muna kan Oracle, manhajar rumbun bayanai da ake biyan lasisinta, a kan injinanmu da ke ofis. Yanzu hukumar kamfani ta ce kuɗin lasisi ya ishe ta, a koma PostgreSQL, wadda ba a biyan lasisinta, a gajimare, wato a kan injinan haya na wani kamfani ta intanet. Ban ƙi ba. Abin da ya hana ni barci shi ne an ce a yi komai a lokaci guda, a hutun ƙaramar Sallah: a kashe tsohon ranar jajibiri da dare, ranar da aka dawo aiki a tashi a sabon. Girman bayanan ya kusa terabait 4. Wa ya taɓa yin irin wannan? Kwana uku za su isa?

Mubarak: Wa alaikumus salam. Terabait 4 ai ba wani abu ba ne a wannan zamani. Amazon da kansu sun bar Oracle, a Oktoban 2019 suka sanar sun kashe na ƙarshe a ɓangaren kasuwancinsu. Rumbuna kusan 7,500, bayanai petabait 75. In su sun iya, naka ɗan mitsitsi ne. Ka ɗauko ora2pg, abin da ake kwashe rumbun Oracle zuwa PostgreSQL da shi, ya juya maka tsarin teburorin bayanai, ka loda, ka sha shayi.

Injiniya Lawal: Mubarak, shekara nawa Amazon suka yi suna wannan aikin? Shekaru suka ɗauka, ƙungiyoyin injiniyoyi sama da ɗari, kowace da nata rumbun, ɗaya bayan ɗaya. Kuma wurin da suka koma nasu ne, masu gina shi suna ofishi ɗaya da su. Bashir shi da mutum nawa ne?

Bashir: Mu uku ne Yallaɓai. Ɗaya ma bautar ƙasa yake yi.

Injiniya Lawal: To ka ji. Bari in ba ku labarin da ya fi kama da naka, tunda an kawo na Amazon. Bankin TSB na Birtaniya, Afrilun 2018. Bankin ya fito ne daga cikin Lloyds, sai Sabadell na Sifen ya saye shi a 2015, amma ya ci gaba da hayar na'urorin Lloyds yana biyan kuɗi mai yawa duk shekara. Dalili ɗaya da na ogan Bashir ke nan, a daina biyan wani. Suka gina sabon tsari, suka ware ƙarshen mako guda, daga yammacin Juma'a 20 ga Afrilu zuwa Lahadi 22, suka kwashe bayanan masu ajiya sama da miliyan biyar. Daren Lahadin nan aka buɗe, abu ya rushe. Mutane suka kasa shiga asusunsu, wasu suka shiga suka tarar da bayanan wasu mutanen daban, rassa suka cika, 'yan damfara suka samu ƙofa. Sai a Disamban shekarar bankin ya dawo daidai. Shugabansa Paul Pester ya sauka a Satumba. Asarar ta kai fam miliyan 330, sannan a Disamban 2022 hukumomin da ke sa ido kan bankuna suka ci shi tarar fam miliyan 48.65.

Ga abin da nake so ka riƙe, Bashir. Hukumomin da suka yi binciken sun ce su bayanan sun ƙaura lafiya. Ba a ɓatar da kuɗin kowa a hanya ba. Abin da ya faɗi shi ne sabon gidan da aka zuba su a ciki, wanda ba a gwada shi da nauyin mutane na gaske ba. Kai tambayarka ita ce ko kwana uku za su isa a kwafe terabait 4. Ni ba kwafin ne ke ba ni tsoro ba.

Nazifi: Gafara dai manya, ni ɗalibi ne. In bayanan sun isa lafiya, me kuma ya rage? Ba SQL, yaren da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, duka biyun ke ji ba?

Hauwa: Nazifi, Hausar Kano da ta Sakkwato duk Hausa ce, amma ka aiki Bakano kasuwar Sakkwato ka ga abin da zai sayo maka. Bari in nuna maka abu ɗaya ƙarami da ya taɓa cin mana kwana biyu.

A Oracle, rubutu marar komai a ciki da NULL, wato alamar cewa ba a sa komai a gurbin ba, abu ɗaya ne. A PostgreSQL abubuwa biyu ne daban. Kuma in ka haɗa rubutu da NULL a Oracle, rubutun zai fito yadda yake. A PostgreSQL duka jimlar ce za ta koma NULL. To a ce rasit ɗinku yana haɗa adireshin dillali: lambar shago, layi, unguwa, gari. Dillalai da yawa ba su da lambar shago, gurbin fanko ne. A tsohon tsari adireshin zai fito ba lambar. A sabon, adireshin gaba ɗaya zai ɓace, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. Direba zai karɓi takarda, ya loda buhu ɗari biyu, ya duba inda zai kai ya ga fari fat. Ƙidayar layukan teburi za ta nuna maka ɗari bisa ɗari an kwafe.

Haka DATE, wato gurbin kwanan wata. Na Oracle yana ɗauke da awa da minti da daƙiƙa. Na PostgreSQL rana ce kawai. In aka juya shi kai tsaye, duk cinikin shekara goma sha biyu ya rasa lokacinsa. Sannan a PostgreSQL in umarni ɗaya ya faɗi a tsakiyar aiki, duk aikin ya mutu sai an koma baya, alhali Oracle yana barin ka ka ci gaba. Manhajar da aka rubuta tana dogaro da wannan halin za ta riƙa tsayawa a inda ba ta taɓa tsayawa ba.

Bashir: Anti Hauwa kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Muna da PL/SQL, wato umarnin lissafi da ake rubutawa a cikin Oracle kansa, mai tarin yawa. Lissafin rangwamen dillalai, bashin da aka yarda wa kowa, kwamishon 'yan talla, duk a cikin rumbun suke, ba a manhaja ba. Wanda ya rubuta yawancinsu ya bar aiki tun kafin in zo.

Hauwa: To ba ƙaurar bayanai za ku yi ba, sake rubuta ƙwaƙwalwar kamfani za ku yi. ora2pg zai taimaka, yana ma da rahoton da ke kimanta maka wahalar aikin tun kafin ka fara, ka fara fitar da wannan ka kai wa oga. Amma ba zai gaya maka dalilin da ya sa wani ya rubuta cewa dillalan wani yanki su samu ƙarin kwana bakwai kafin a rufe musu bashi ba. Wannan sai dai ka nemi tsohon manajan talla ku zauna.

Mubarak: Ni dai ina ganin ana tsorata yaron nan fiye da kima. Ana ta kawo labarin waɗanda suka faɗi. Dubban kamfanoni sun yi sun wuce ba wanda ya ji labarinsu, saboda jarida ba ta buga "an yi lafiya". Kuma zama a Oracle ɗin ba kyauta ba ne. Farashin da suka buga na Enterprise Edition dala 47,500 ne kowane furosesa, ga kashi 22 cikin ɗari duk shekara na kulawa. Da dala. Lokacin da aka saki Naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin watanni tara ta haura 1,500. Oga bai yi laifi ba da ya ce ya gaji.

Injiniya Lawal: Ban ce kada su tafi ba. Amma gajimaren da kake tura su, da Naira ake lissafinsa? Daga dala zuwa dala ne. Bambancin shi ne lasisi ka san abin da za ka biya a shekara, shi kuwa gajimare kamar mitar wuta yake, wata ya zo da sauƙi wata ya zo ka riƙe kai. Kuma fitar da bayananka daga can ma ana cajinsa.

Mubarak: Ka sa kuɗin dizal a lissafin Yallaɓai. Ɗakin sabarsu a Kano yake, a watan Afrilu. Janareta biyu, na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa, batura duk bayan shekara biyu ko uku. Na taɓa aiki a wani wuri da na'urar sanyi ta mutu daren Asabar, mai gadi bai san ƙarar da yake ji ta mece ce ba. Safiyar Litinin muka buɗe ɗakin kamar gidan burodi.

Injiniya Lawal: Wannan gaskiya ne, na ba ka. Akwai hanya ta tsakiya dai: su ajiye injinansu a cibiyar bayanai ta haya a cikin gida, irin su Rack Centre a Legas. Wuta da sanyi na masu wurin, injin naka.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri in shigo, ni ba injiniya ba ce, mai binciken kuɗi ce, mijina ne ya sa ni a zauren. Duk maganar da kuke yi ban ji wanda ya ambaci ranar rufe littafi ba. Bashir, Sallar nan a tsakiyar wata za ta faɗo ko a ƙarshe? In kuka yanke a tsakiyar wata, rabin cinikin yana tsohon tsari rabi yana sabon, mu ne za mu sha wahalar haɗa su. Kuma abin da zan tambaye ku ranar da na zo bincike ba yawan layuka ba ne. Zan ce ku ba ni jimlar bashin kowane dillali a daren da kuka rufe, da jimlarsa a safiyar da kuka buɗe, su yi daidai har kwabo. Haka kaya: kowane rumbu, kowane nau'i, katan nawa. In Naira hamsin ta ɓace a dillali dubu biyu, ba zan sa hannu ba, ba don yawan kuɗin ba, don ban san abin da ya cinye ta ba.

Kuma don Allah ku lura da sifilin farko. Na taɓa ganin an juya lambobin asusun banki zuwa lamba zalla, duk wanda ya fara da sifili ya dawo tara maimakon goma. Albashin wata guda ya maƙale.

Hauwa: Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan ya fi duk abin da muka faɗa. Lambar asusu, lambar waya, BVN, duk rubutu ne ba adadi ba, ba a tara su ba a ɗebe su. Kuɗi kuma a sa shi a NUMERIC, gurbin da ke riƙe adadi daidai, kada wanda ya yaudare ka ka sa shi a float, mai kintatar adadi, don wai ya fi sauri.

Isuhu: Salamu alaikum daga Maraɗi. Tunda kuna da dillalai a wajenmu, ku tuna sefa ba ta da kwabo. In sabon tsarin ya ɗauka kowane kuɗi yana da gurbi biyu bayan ɗigo, canji zai riƙa barin ɓurɓushi da ba wanda zai iya biya. Sai sunaye. Mu muna rubuta su da salon Faransanci, akwai é da ï, ku kuma kuna da ƙ da ɗ da ɓ. Tsohon rumbunku da wane tsarin haruffa aka kafa shi?

Bashir: Na duba yanzu. WE8MSWIN1252.

Hauwa: Tabɗi. Wannan yana da é na su Malam Isuhu, amma ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da alamar Naira. Ke nan duk wanda ya taɓa buga Ɗanladi ko Ƙofar Ruwa da harafin gaske, ko dai ya koma alamar tambaya tuni, ko kuma manhajar ta cusa shi a wata siffa da rumbun bai gane ba. Ranar da kuka zuba a UTF-8, tsarin haruffan sabon rumbun, za ka ga abin mamaki. Wasu layukan ma za su ƙi shiga, lodin ya tsaya a tsakiya da ƙarfe uku na dare. Ka binciko su tun yanzu.

Nazifi: To in ba a yi lokaci guda ba, yaya ake yi? Ai ba za a rufe kamfani wata shida ba.

Injiniya Lawal: Ba a rufewa. Za ka kwafe babban kason tun da wuri, kamfani yana aiki. Sai ka sa abin da zai riƙa bin littafin canje-canjen Oracle, duk abin da aka rubuta a tsohon ya aika shi sabon cikin daƙiƙoƙi. GoldenGate na yi, Debezium na yi, DMS na Amazon na yi. Rumbunan biyu su yi ta tafiya tare makonni. Kullum da safe ka fitar da jimlolin da Hajiya ta lissafa daga ɓangarorin biyu ka gwada. Sai ka fara mayar da masu karatu kawai, wato rahotanni. In sun yi wata guda ba ƙorafi, ka ɗauki rumbun ajiya ɗaya ƙarami ka mayar da shi. Ranar yankewa ta ƙarshe ba kwana uku za ta ci ba, awa ɗaya ko biyu ce.

Bashir, ka ma yi lissafin layinku? In kuna da megabit 100 a daƙiƙa kuma ba kowa a kai, terabait 4 zai ci wajen awa 89. Kwana uku da rabi da ɗoriya, kafin a gina fihirisar da ke saurin nemo bayanai ko ɗaya, kafin a gwada komai. Hutun ya ƙare kaya suna hanya.

Mubarak: Ana matse bayanai kafin a tura ai, ba zai kai haka ba. Kuma tafiya da rumbu biyu tana da nata haɗarin. Kuɗi biyu kake biya, ma'aikata uku suna gadin gida biyu, kuma na san kamfanonin da suka ce "sannu a hankali" yau shekara huɗu suna nan rabi da rabi. Wani lokacin gara a yanke a wuce wurin. Bankunanmu ma a 2024 haka suka canja babbar manhajarsu: Sterling ya koma SeaBaaS, Zenith ya koma Flexcube, GTBank ya koma Finacle. Ba ga su nan suna aiki ba?

Hajiya Binta: Suna aiki, amma ka tambayi 'yan kasuwa yadda watan Oktoban nan ya kasance. Su banki ne, mutum zai yi fushi ya yi haƙuri saboda kuɗinsa na ciki. Dillalin sukari kuwa in ya zo sau biyu aka ce na'ura ba ta aiki, ya tsallaka titi ya saya a wurin wani.

Injiniya Lawal: Maganarka ta rabi da rabi gaskiya ce Mubarak, na gani da idona. Maganinta a rubuta ranar kashe tsohon a takarda, oga ya sa hannu. Amma ina da tambaya ɗaya ga duk mai son yanka lokaci guda: in aka buɗe ranar Litinin aka yi ciniki har azahar sannan aka gane lissafin rangwame ba daidai yake ba, ina za a koma? Tsohon rumbun ya tsaya tun daren jajibiri. Cinikin safiyar nan yana sabon kaɗai. In ba ka shirya hanyar da za ta mayar da canje-canje baya zuwa Oracle ba, ba ka da hanyar komawa, sai dai a zauna a buga rasit ɗaya-ɗaya da hannu.

Hauwa: Kuma ajiyar ko-ta-kwana da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ba ajiya ba ce. Kamfanin manhaja na GitLab, 31 ga Janairun 2017: injiniya ya gaji da dare, yana gyaran kwafi tsakanin saba biyu na PostgreSQL, ya goge a kan babbar maimakon ƙaramar. Wajen gigabait 300 suka tafi. Da suka juya ga ajiyoyinsu sai suka tarar pg_dump, abin da ke ɗaukar musu ajiyar, ya daɗe yana faɗuwa shiru, saboda sigarsa ba ta dace da ta rumbun ba, saƙon gargaɗin ma ba ya isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan don wani gwaji daban. Aikin awa shidan nan bai dawo ba. Su kuwa sana'arsu ke nan.

Ƙari ɗaya Bashir, don kowa na mantawa: ma'ƙidayan cikin rumbun da ke ba da lambar rasit ta gaba ba sa bin kwafin. In ba ka ɗaga su da hannu ranar yankewa ba, rasit na farko a sabon tsari zai nemi lamba 1, ya ci karo da na shekara goma sha biyu da suka wuce.

Isuhu: Ni tambayata ta layi ce. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, guda huɗu a rana ɗaya, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama na yankin nan. In rumbunku yana Turai ko Afirka ta Kudu, rana irin wannan mai sito a Gusau zai iya fitar da kaya?

Mubarak: Sai a yi layi biyu daga kamfanoni daban, ko a sa Starlink a gefe.

Hajiya Binta: A kuma tambayi lauyan kamfani. Dokar kare bayanai ta 2023 tana da sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje, kuma kuna riƙe da lambobin waya da asusun dillalai da na ma'aikata.

Nazifi: Ni abin da ya ba ni dariya, ranar Sallar ma ai ba a san ta ba sai Sarkin Musulmi ya sanar an ga wata.

Injiniya Lawal: Ɗalibi ya fi mu gani. Jadawalin aikinku yana iya matsawa da kwana guda a daren 29 ga Ramadan. Kuma wa za ka kira ranar Sallah in abu ya tsaya? Wanda ya san lissafin rangwame yana ƙauyensu, wayarsa a hannun yara.

Bashir: Jama'a na gode ƙwarai. Jiya na shiga wurin oga da takarda ɗaya. Na sa lissafin awa 89, na sa labarin TSB a layi huɗu, sannan na ɗauki dillalai hamsin na gudanar da lissafin rangwamensu a gwajin PostgreSQL da na haɗa a kwamfutata. Goma sha ɗaya sun fito da adadi daban. Bai ce komai kan TSB ba, amma da ya ga sunan babban dillalinmu a cikin goma sha ɗayan nan sai ya cire tabarau ya ce in sake nuna masa.

An janye maganar Sallah. Amma bai yarda da wata shida ba, ya ce lasisin zai ƙare a ƙarshen Satumba kuma ba zai sabunta ba ko da wata ɗaya. Ya kuma ƙi ɗaukar ƙarin mutum.

Mubarak: To ai ka samu ranar kashewar da Injiniya yake nema.

Injiniya Lawal: Ka duba takardar lasisin da kyau kafin ka yarda da wannan ranar. Sau da yawa abin da ke ƙarewa kuɗin kulawa ne, ba izinin amfani ba. In naku na dindindin ne, rumbun zai iya zama a kunne bayan Satumba a matsayin wurin komawa, sai dai ba sabuntawa ba kuma wanda za ka kira. Ka sa lauya ya karanta, kada ka dogara da ni.

Hauwa: Goma sha ɗayan nan, ka gano dalili?

Bashir: Tara NULL ne, kamar yadda kika ce. Biyun har yanzu ban gane ba. Duka dillalan Maraɗi ne.

Isuhu: Turo min lissafin ɗaya ta akwati, ka goge sunan. Ina zargin farashin canjin da aka yi amfani da shi na safe ne ko na yamma, tunda kun yar da awa.